Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Unguwanni, Dagatai Da Limaman Kano Kan Samarinmu Da Ke Wasa Da Ransu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, iyayen ƙasa. Allah ya gafarta malamai. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga iyayensa, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon jama'ar da ya ɗora muku nauyinta, ya ba ku haƙurin karanta wannan wasiƙa har ƙarshe.

Ni malamin makarantar sakandare ne. Na daɗe ina koyar da yara maza daga aji uku zuwa aji shida, da yamma kuma ni nake tsaya wa ƙungiyar ƙwallon yaran unguwarmu. Ina magana da yawun wasu 'yan'uwana malamai, da iyaye mata da suka roƙe ni in rubuto domin su ba sa halartar zaman ƙofar gidan mai unguwa, sannan da yawun yaran kansu, waɗanda ake yanke hukunci a kansu ba tare da an ji ta bakinsu ba.

A daminar nan mun binne yaro ɗan shekara 15. Kududdufin bayan unguwarmu ne ya ci shi. Bayan addu'ar uku aka yi zama, aka tsai da shawara cewa duk yaron da aka gani a bakin ruwa 'yan sintiri su zane shi, a tarwatsa duk wata majalisar samari da zarar an idar da sallar Isha, iyaye kuma su raba 'ya'yansu da miyagun abokai. Na san baƙin ciki ne ya sa aka yanke haka, kuma ba na zargin niyyar kowa. Na kuma ji cewa irin wannan shawarar ake yankewa a wasu unguwannin duk lokacin da ruwa ko babur ya ɗauke wani yaro. Shi ya sa ban rubuta wa mai unguwarmu shi kaɗai ba, na rubuto muku gaba ɗaya.

Ku ba ni dama in faɗi abin da ya faru ran nan, domin a zaman ba a faɗe shi ba. Marigayin yana da wani aboki, su biyun tun suna makarantar allo ba a ganin ɗaya sai da ɗaya. Kullum cikin zagin juna suke, kullum cikin gardamar wa ya fi wani gudu, wa ya fi wani buga ƙwallo. Ran nan sai suka yi musu a kan wa zai iya kaiwa wani kututture da ke tsakiyar ruwa ya dawo. Marigayin gwanin iyo ne, ya je ya dawo, yana ta yi wa abokinsa dariya yana ce masa rago. Shi kuma abokin bai ƙware ba, amma ya faɗa. Kafin ya kai rabi ƙarfinsa ya ƙare. Wanda yake kiransa rago bai tsaya wata-wata ba, ya koma ruwan a gajiye, ya turo shi har inda ƙafa take taɓa ƙasa. Shi ne bai fito ba.

Wanda ya tsira ɗalibina ne. Makonni bai ce uffan ba. Ranar da ya buɗe baki, muna zaune a gindin bishiyar makaranta, abin da ya ce mini shi ne: “Malam, tun muna yara bai taɓa sayen abu ya ci bai rage mini ba. Ni kuwa ban taɓa ce masa ko na gode ba. Kullum sai dai in ce masa ɗan iska.” Wannan yaron shi ne a zaman unguwa aka kira mugun aboki.

Kukana na farko ke nan, ranku ya daɗe: mun yi wa yaran nan mummunar fahimta. Idan babba ya ga samari biyu suna tsere da babur, ko suna dirowa daga kan gada, ko suna kokawa har riga ta yage, abin da yake gani shi ne rashin tarbiyya. Ni da nake wuni da su, abin da nake gani daban ne. Yaro ɗan shekara 14 ko 16 yana ƙaunar amininsa ƙauna mai tsanani, sau da yawa har fiye da yadda yake jin 'yan ɗakinsu. Yana son amininsa ya gan shi, ya yarda da shi, ya san cewa ko wuta ce za su shiga tare. Amma bakinsa ba zai iya furta ko kalma ɗaya daga cikin wannan ba. Sai ya ce, “In ka isa ka biyo ni.” Wancan kuma ya biyo shi, domin ƙin biyowa a wurinsu daidai yake da cewa ba na tare da kai. Ku lura da kyau, yaro ba ya yi wa wanda bai damu da shi ba irin wannan kiran. Ba ya ɗaga ƙafar gaban babur a layin da babu kowa. Sai abokinsa na goye a baya, ko yana tsaye a bakin titi riƙe da waya yana ɗauka.

Masana ma sun gwada abin. A 2005 Laurence Steinberg na Jami'ar Temple a Amurka, tare da abokiyar aikinsa Margo Gardner, sun sa yara 'yan shekara 13 zuwa 16 da manya sun yi wasan tuƙin mota a kwamfuta, wasu su kaɗai, wasu kuma da tsararrakinsu a gefe. Manya ba su sauya tuƙinsu sosai ba ko da ido a kansu. Yaran kuwa da zarar abokai na kallo sai gangancinsu ya ƙaru matuƙa. Yaron nan ya san haɗari sarai, ko a aji ka tambaye shi zai lissafa maka. Idon abokinsa ne ya fi masa nauyi a wannan lokacin. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, maza kuma sun ninka mata kusan sau uku a cikin waɗanda yake kashewa. Ta ƙiyasta cewa kusan mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021. Mu ba ma buƙatar a kawo mana lissafi daga nesa. Kowace damina muna jin sanarwar Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano a rediyo, an ciro gawar yaro a kududdufi kaza, an ciro ta wani a rafi kaza. Wanda kuma ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala ya san shekarun da yawa daga cikin waɗanda ke kwance da ƙarfe a ƙafa.

Kuka na biyu ya fi mini ciwo, domin da hannunmu a ciki, har da ni. Mu ne muka rufe musu baki. Tun yaro na shekara biyar in ya faɗi muke ce masa namiji ba ya kuka. In ya rungume ƙaninsa a ce ya cika sanyi kamar mace. In ya ce ya yi kewar abokinsa da ya tafi makarantar kwana, 'yan majalisa su yi ta yi masa ihu suna kiransa ɗan daudu har sai ya rantse da wasa yake. Kunya ado ce, kara kuma gadonmu ce, ban zo in rushe su ba. Amma iyayenmu da suka fi mu kunya suna da aminai, kuma ba sa ɓoyewa. Na tashi na ga mahaifina da amininsa suna tafiya kasuwa riƙe da hannun juna, gemu fari fat, ba wanda ya taɓa ɗaga ido ya dube su. Mutum yakan sa wa ɗansa sunan amininsa. Yakan bar masa wasiyyar iyalinsa. Yau zargi ya yi mana yawa har yara biyu ba sa iya jerawa kafaɗa da kafaɗa sai an sami mai yi musu mugun zato. To yaron da aka hana shi riƙe hannun abokinsa, ya gano cewa in ya shaƙe masa wuya da sunan kokawa ba mai cewa komai. Hanyar da muka bar masa ke nan, ita yake bi.

Allah ya gafarta malamai, ku kuka koya mana cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kama hannun Mu'azu ɗan Jabal ya ce masa, “Ya Mu'azu, wallahi ina son ka,” sannan ya koya masa addu'ar da ake yi bayan kowace salla. Ku kuka karantar da mu hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa idan mutum yana son ɗan'uwansa to ya sanar da shi yana son sa. Na tambayi ajina guda, yara fiye da sittin, wa ya taɓa jin wannan a huɗuba. 'Yan kaɗan ne suka ɗaga hannu. Na tambaye su wa ya taɓa aiki da shi. Suka fashe da dariya, kowa yana sunkuyar da kai. Huɗuba a kan shaye-shaye da daba kuwa sun ji ta ba adadi, kuma ta dace. Sai dai mun yawaita gaya musu wanda za su guda, ba mu koya musu yadda za su riƙe wanda suke ƙauna ba.

Na uku, mun ƙwace musu filin da za su yi gasar a gaban manya. Namiji mai tasowa dole ya gwada ƙarfinsa da na tsaransa, haka Allah ya halicce shi, kuma magabata sun san haka. Shi ya sa aka yi langa, aka yi kokawa da dambe bayan kaka, aka yi sarkin samari mai tsawatarwa. Ku tuna yadda ake langa: akwai yaron da ake kira ruwa, akwai waɗanda ake kira dawakai, aikin dawakai shi ne su tare wa ruwansu abokan gaba har ya kai masha. Yaro yana tsalle da ƙafa ɗaya, yana karɓar bangaza saboda abokinsa ya wuce, kowa yana kallo, kuma ba a binne kowa. A tarihin Musulunci ma, lokacin fita Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira, an mayar da ƙananan yara gida amma aka bar Rafi'u ɗan Khadij saboda ya iya harbi. Samura ɗan Jundub ya ce ai shi yana kayar da Rafi'u a kokawa. Annabi bai kore shi ba, bai ce masa mara kunya ba. Ya sa suka yi kokawar a gabansa, Samura ya yi kaye, aka bar su duka biyun.

Yau ina filin? Wanda muka yi wasa a cikinsa muna yara an yanka shi fuloti-fuloti. Makarantu da yawa an jera shaguna a jikin katangarsu, abin da ya rage na fili kuma a kulle yake da zarar an tashi. Yaran ƙungiyata a kan titi suke atisaye, mu ɗauke duwatsun raga duk sanda adaidaita sahu ta taho. Idan yaro ba shi da inda zai nuna wa abokinsa bajinta sai kududdufi da kwalta, can zai je.

Na huɗu gajere ne, amma sai na faɗa. Mu manya muna tafa wa abin da muke zane yara a kansa. Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013 babur bai bar gidajenmu ba, kuma uba ne yake miƙa wa ɗan shekara 13 makullin roba-roba ya ce je ka sayo mini kati, alhali doka ba ta ba da lasin tuƙi sai an kai 18. Ranar kai amarya samari suna sakin hannu suna kwanciya a kan babur, ba mai hular kwano ko ɗaya, mata na guɗa, manya na murmushi. Haka ake sukuwar kilisa a cikin lungu mai cike da yara. Kududdufan cikin gari, da aka haƙa tun zamanin da ake ɗibar ƙasar gini, da ramukan da masu tifa suke bari a bayan gari masu gangare kamar rijiya, yawancinsu ba shinge, ba allon gargaɗi, ba ko igiya a kusa.

Sai sakamakon shawarar da aka yanke, wanda tuni muka fara gani. Bulala ba ta hana su wanka ba. Ta dai kore su daga ruwan da ke kusa da gida, inda ko mai wanki zai iya jin ihu, zuwa ruwan da ba kowa. Na sami labarin wasu daga cikin ɗalibaina yanzu har bakin kogin Challawa suke zuwa, su uku a kan babur ɗaya, haɗari biyu ke nan a maimakon ɗaya. Tsere wa 'yan sintiri ma ya zama sabuwar gasa, wanda aka zane bai yi kuka ba shi ne gwarzon mako. Majalisar da aka tarwatsa a ƙofar gida, inda muke jin abin da suke faɗa, ta koma kango, kuma kun fi ni sanin wanda yake jiran su a kango da ƙwaya a aljihu. Shi kuwa yaron da ya tsira, iyaye sun hana 'ya'yansu kula shi. Ya rasa amininsa, an kuma raba shi da sauran. Mahaifiyarsa ta ce mini da dare yakan fita ya zauna a bakin ruwan shi kaɗai. Ina jin tsoron abin da zai biyo baya.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku janye umarnin duka da na tarwatsa majalisa. A maimakonsa kowane mai unguwa ya kira samarin unguwarsa, ban da iyayensu a zaman farko, ya tambaye su inda suke zuwa wanka da inda suke tsere. Za su faɗa in sun tabbata ba za a dake su ba. Daga cikinsu a naɗa masu kula da sauran, kamar yadda ake naɗa sarkin samari a da, kuma a zaɓi waɗanda yaran suke jin maganarsu ko da su ne masu ƙiriniyar. Yaron da zai faɗa ruwa saboda abokinsa zai iya hana abokinsa faɗawa, in aka nuna masa cewa wannan ma jarumta ce.

A kowane kududdufi da ke kusa da gidaje a ajiye doguwar gora, da igiya ɗaure da jarkar da ba komai a cikinta, ko tsohon tib na mota. Kuɗin wannan bai kai abin da muke tarawa a gidan biki ɗaya ba. Ku gayyato jami'an kashe gobara su koya wa yaran cewa mai ceto ba ya faɗawa ruwa, miƙa sanda yake yi ko ya jefa igiya, domin wanda ruwa ke ci yana danne duk wanda ya kama. Da marigayin ya san wannan, da jarka ɗaya a bakin ruwan, wataƙila da yau su biyun suna ajina. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli tun 2021 a matsayin ranar yaƙi da nutsewa a ruwa, kuma ta faɗo mana a tsakiyar damina. Ku riƙe ta ta zama ranar da kowace unguwa za ta yi wannan horon. Ramukan da ba su da amfani kuwa ku kai kukansu ga hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi a cike su ko a kewaye su, masu tifar da suka haƙa su ma a sa su cikin aikin.

Ku sa baki a buɗe mana filayen makarantun gwamnati daga La'asar zuwa Magariba, mu malamai da masu horar da ƙwallo mun yarda mu ɗauki nauyin tsaro da tsafta bi da bi. Duk filin da ya rage a unguwa kada ku sa hannu a takardar sayar da shi. Ku dawo da gasar langa da kokawa da tsere tsakanin unguwanni, mai unguwa ya zauna a kujerar gaba, ya san sunan yaron da ya yi kaye, ya kuma yaba wa wanda ya ɗaga abokin karawarsa daga ƙasa. A ɗaura wa masu biki sharaɗi tun wajen ɗaurin aure cewa ba wasan babur a rakiyar amarya, uban da ya ba ƙaramin yaro makulli kuma shi za a kira ƙofar gidan mai unguwa kafin a kira ɗan.

Ku kuma malamanmu, muna roƙon huɗuba guda a wannan wata a kan so don Allah tsakanin abokai. Ku karanta musu hadisin Mu'azu da na sanar da ɗan'uwa, ku haɗa da ayar Suratul Baƙara ta 195 da ta hana mu jefa kanmu cikin halaka, ku nuna musu cewa wanda ya tura amininsa ga halaka don ya gwada shi bai cika amana ba. Ku ja kunnen manya su daina yi wa yara mugun zato ba da hujja ba. A Islamiyya malami ya sa kowane yaro ya juya ya ce wa na kusa da shi “ina son ka don Allah,” wancan ya amsa da “Allah da ka so ni dominsa ya so ka.” Za su yi dariya a karon farko, na gwada a ajina na gani. A karo na uku dariyar ta ragu, wani ma har ya share ido da hannun riga.

Roƙona na ƙarshe a kan yaron da ya tsira ne, da ire-irensa a unguwanninku, domin kusan duk inda aka ciro gawa akwai wani yaro da ya tsaya a bakin ruwan yana kallo. Ku je gidansu kamar yadda kuka je gidan mamacin. Liman ya zauna da shi, ya gaya masa ajali ne, ya gaya masa abokinsa ya mutu yana ƙaunarsa. Mahaifin marigayin, Allah ya saka masa da alheri, ya riga ya ce mini ba ya riƙe da yaron a zuciya, kuma yana so ya riƙa shigowa gidan kamar da. Abin da ya rage shi ne mai unguwa ya kama hannun yaron ya kai shi da kansa, da rana, jama'a na gani. In an sa rana, ni zan zo da sauran 'yan ajinsu.

Allah ya jiƙan yaranmu da suka riga mu, ya raya mana waɗanda suka rage, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
Malamin sakandare kuma mai horar da ƙwallon yara, daga cikin birnin Kano.